Zama a Ilford da iyali: me mazauna wajen suka gani?

Baban Amira:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan uwa da suka san gabashin Landan ta hanyar zama a cikinta. Na samu aiki kusa da tashar Liverpool Street, kuma ina so iyalina su taso daga Hull, birnin da ke arewacin Ingila, kafin a koma makaranta a watan Satumba. Hayar gida a tsakiyar birni ta fi ƙarfina, saboda haka hankalina ya karkata ga Ilford da maƙwabtanta, wato Seven Kings da Goodmayes, inda jirgin layin Elizabeth yake bi. Waɗanda na tuntuɓa sun rabu gida biyu. Wasu sun ce babu inda Musulmi mai iyali zai fi sakewa, domin masallaci da naman halal da Islamiyya duk suna bakin ƙofa. Wasu kuma sun ce unguwa ce ta mutanen Indiya da Pakistan da Bangaladash, kuma baƙar fata yakan daɗe a cikinta yana jin kansa bare ko da a sahun salla. Yarana uku ne, babbar za ta shiga aji biyar na firamare, kuma mahaifiyarsu ba ta tuƙi, don haka rayuwarta za ta dogara ga inda ƙafa da bas za su iya kai ta. Ina roƙon wanda ya zauna a can ya gaya mini abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Injiniya:

Wa alaikumus salam, Malam. Barka da samun aiki, Allah ya sa albarka a ciki. Zan fara da batun hanya, tunda ita ce ta sa ka duba wajen tun farko. Ilford da Seven Kings da Goodmayes duk suna shiyya ta 4 a tsarin kuɗin jirgi na Landan, Chadwell Heath tana ta 5, Romford kuma ta 6, kuma duk shiyyar da ka ƙara kuɗin zirga-zirgarka na wata yana ƙaruwa, don haka kada ka lissafa haya ita kaɗai. An buɗe layin Elizabeth a watan Mayun 2022, daga Nuwamban wannan shekara kuma jiragen da ke tasowa daga Shenfield, ƙarshen layin ta gabas, su biyo ta Ilford suka fara ratsa tsakiyar birni ba tare da fasinja ya sauka ya canza ba. Daga Ilford zuwa Liverpool Street ba ya kai minti 20 idan komai lafiya, kuma za ka wuce Manor Park, Forest Gate, Maryland, Stratford da Whitechapel. Sai dai da safe jirgin yakan iso Ilford a cike, don haka ka sa a ranka cewa a tsaye za ka yi yawancin tafiyar. Ranar da layin ya samu matsala, akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Central a Gants Hill da Newbury Park, kuma bas yana kai mutum can.

Game da mazauna wajen, ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Redbridge, wadda Ilford ce hedkwatarta, tana da mutane sama da dubu 310. Kimanin kashi 47 cikin ɗari 'yan asalin Asiya ne. Musulmi sun kai kimanin kashi 31, Kirista kashi 30, mabiya addinin Hindu kashi 11, mabiya addinin Sikh kuma kusan kashi 6. Wannan lissafi na ƙaramar hukumar gaba ɗaya ne, har da Wanstead da Woodford inda Turawa suka fi yawa, saboda haka a kudancin Ilford abin da idonka zai gani ya fi wannan adadi nesa.

Idan da mota za ka zo, ka bincika ta tun kana Hull. Tun 29 ga Agustan 2023 harajin hayaƙin mota ya game duk ƙananan hukumomin Landan, kuma motar da ba ta cika ƙa'ida ba tana biyan fam 12.50 a duk ranar da aka tuƙa ta.

Hajiya Maman Yusra:

Malam, ka isar wa uwargida da wannan daga gare ni, domin damuwarta na fi ganewa. Macen da ba ta tuƙi za ta iya gudanar da gidanta a Ilford ba tare da ta jira mijinta ya dawo daga aiki ba. A titin Ilford Lane kaɗai za ta samu ɗanyar kuɓewa, tsamiya, citta, kanumfari, masoro, attarugu, man shanu, lalle da shinkafa buhu-buhu. Abin da ya fi faranta mini rai lokacin da muka zo shi ne samun garin gero da na dawa a shagunan Indiyawa, domin su ma suna cin waɗannan hatsi. Ta tambayi bajra idan gero take so, jowar kuma idan dawa ce. Da shi nake yin fura da kunu duk azumi. Abin da ba za ta samu a wurinsu ba shi ne kuka, daddawa, manja, kimba da busasshen kifi irin namu. Waɗannan sai shagunan 'yan Afirka ko kasuwar Barking, wadda bas ɗaya yake kai mutum.

Mahauta suna da yawa, akwai naman rago da na akuya da kayan ciki da ƙafar saniya, kuma sukan yanka maka yadda kake so idan ka bayyana musu. A jikin shagon za ta ga tambarin hukumar da ta tantance naman. Wadda ake kira HMC ba ta yarda a sumar da dabba kafin yanka ba, wadda ake kira HFA kuma ta yarda da sumarwar da ba ta kashe dabbar. Kowane gida yana zaɓen wanda ya natsu da shi. Layya kuwa ba a yanka ta a gida, doka ta ce sai a mayankar da aka amince da ita, don haka ana ba mahauci suna da kuɗi tun kafin Salla, naman kuma wani lokaci sai kashegari ko bayan kwana biyu yake isowa.

Wani abin da ba na raina shi shi ne yadda mace take fita da hijabinta ko mayafinta babu mai waiwayowa ya kalle ta. Likita da malamar makaranta da mai karɓar kuɗi a kanti, da yawansu da ɗankwali ko hijabi za ka gan su. 'Yata ba ta taɓa dawowa gida tana tambayata dalilin da ya sa shigarta ta bambanta da ta sauran yara ba. Ga kuma filin shaƙatawa na Valentines Park inda muke kai yara da yamma idan rana ta yi tsawo.

Malam Ɗanjuma:

Hajiya, duk abin da kika faɗa game da kasuwa gaskiya ne, ba ni da ja a kai. Amma Baban Amira ya nemi a gaya masa marar daɗi ma, kuma ni na zauna a kudancin Ilford na tashi na koma Dagenham, saboda haka ina ganin wajibi ne in yi magana.

Matsalar farko ita ce samun gidan kansa. Za ka ga talla a jikin gilashin shago ko a intanet an rubuta ƙarara cewa iyalin Gujarat ta Indiya ake so, ko na kudancin Indiya, ko wanda ba ya cin nama. Waɗannan aƙalla sun hutar da kai. Wanda ya fi ciwo shi ne dillalin da zai ce maka a waya gida yana nan, ka je ya ga fuskarka, sai ya ce yanzun nan wani ya biya. Ya faru da ni, kuma ya faru da wasu 'yan uwa da na sani. Gidajen da suka fi sauƙin kuɗi kuwa tsofaffin gidaje ne na jere, an yanyanka wasu ɗaki-ɗaki an cusa mutane, ga danshi a bango lokacin sanyi, ga rashin wurin ajiye mota, ga shara da ake jibgewa a bakin lungu.

Matsala ta biyu ita ce ta fi zauna mini a rai. Na daɗe ina salla a wani masallaci, ina sa abin da ya sawwaƙa a akwatinsa duk Juma'a, amma babu wanda ya taɓa tambayar sunana ko inda nake zaune. Wa'azin kafin huɗuba da Urdu, harshen Pakistan da sassan Indiya, ake yi, sanarwa ma haka, sai dai a ɗan taƙaita da Turanci a ƙarshe. Da mahaifiyata ta rasu a gida, Allah ya jiƙanta, ba a samu mutum ɗaya daga wannan sahu da ya san na yi rashi ba. A Hull, Malam, ka san kai baƙo ne kuma ka shirya wa hakan. A Ilford za ka shigo da zaton ka zo cikin 'yan uwa, shi ya sa sanyin da za ka tarar yake fi zafi.

Injiniya:

Allah ya jiƙan mahaifiyarka, Malam Ɗanjuma, ya sa ta huta. A kan batun haya ina so Baban Amira ya san haƙƙinsa kafin ya shiga hannun dillalai. Dokar Daidaito ta 2010 ta haramta hana mutum haya saboda launin fatarsa ko ƙasar asalinsa, kuma ko mai gidan da yake zaune a cikin gidan tare da ɗan haya ba a ba shi damar ware mutum saboda launi ba. Tabbatar da hakan yana da wuya, shi ya sa ya kamata ka riƙa neman amsa a rubuce. Tun dokar 2019 kuɗin ajiyar da mai gida zai karɓa bai wuce hayar mako 5 ba a irin gidajen da muke kamawa, kuma dole ya sa shi a ɗaya daga cikin asusun kariyar da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya kuma ba ka shaida. Gidan da mutum 5 ko fiye daga iyali daban-daban suke zaune a ciki dole ya kasance da lasisi daga ƙaramar hukuma. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi a hannu babu rasit babu yarjejeniya, ka rabu da shi ko da a masallaci kuka haɗu. Ƙungiyoyin Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta a kan irin waɗannan matsaloli.

Baba Alhaji na Barking:

Ɗanjuma, ɗana, Allah ya gafarta wa mahaifiyarka. Na karanta maganarka sau da yawa kafin in amsa, domin abin da ka ji na taɓa jin sa. Amma ni haifaffen zangon Kumasi ne, kuma wannan ya sa nake kallon lamarin ta wata fuska. A zango kakanninmu ne suka kafa masallatai da makarantun allo, saboda haka da Hausa ake wa'azi, da Hausa ake sanarwar jana'iza da ɗaurin aure. Badagombe ko Bamoshe da ya zo ya tarar da haka, ko dai ya koyi Hausa ko ya zauna a gefe yana sauraren abin da bai gane ba, kuma ban tuna mun taɓa tsayawa mun tambayi kanmu yadda yake ji ba. A nan mu ne muka zo muka tarar.

Waɗannan masallatai ba gwamnati ce ta gina su ba. Mutanen da suka yi aikin masana'anta da tuƙin bas da ɗinki ne suka tara kuɗi fam-fam, suka sayi gida ko tsohon shago suka mayar da shi wurin salla, daga baya suka faɗaɗa. Kuma su kansu ba al'umma ɗaya ba ce kamar yadda muke ɗauka. Akwai mutanen Punjab, akwai kuma na Mirpur da ke Kashmir ta ɓangaren Pakistan, waɗanda gina madatsar ruwa ta Mangla a shekarun 1960 ya taso da yawansu. Akwai mutanen Sylhet ta Bangaladash da suka fara zama a Tower Hamlets kusa da tsakiyar Landan, 'ya'yansu suka samu hali suka matso gabas neman gida mai fili. Akwai 'yan Gujarat, wasunsu ma daga Afirka suka zo, bayan Idi Amin ya ba su kwana 90 su bar Yuganda a 1972. Akwai Tamil da yaƙin Siri Lanka ya koro tun daga 1983. Kafin su duka, Yahudawan da suka taso daga tsohuwar unguwar East End ne suka cika Gants Hill da kewayenta. Ilford ɗin kanta a gundumar Essex take sai 1965 aka shigar da ita Landan.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maƙabartar Gardens of Peace da ke Hainault. Tun farkon shekarun 2000 ake binne Musulmi a can bisa sunna, kuma na raka gawar 'yan uwanmu na Gana da Najeriya can ba sau ɗaya ba, babu wanda ya tambayi ƙabilar mamaci. Wasu ne suka yi wahalar neman fili da izini, mu kuma muka amfana. Tambayata gare mu ita ce, a cikinmu mutum nawa ne ya rubuta sunansa a matsayin mamba na masallacin unguwarsu, ya halarci taron shekara, ya tsaya shara ko shimfiɗa tabarma ranar Idi, ya shiga cikin masu wankan gawa? Yawancinmu muna yin sallama mu ɗauki takalmi mu fice, kuɗinmu da hankalinmu kuma suna ginin da muke yi a gida.

Ustazu:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Zan ƙara bayani a kan abin da Baban Amira zai gani a sahu, domin yawan rashin fahimtar daga nan yake farawa. Galibin Musulmin Indiya da Pakistan da Bangaladash mazhabar Imamu Abu Hanifa suke bi, mu kuma mun taso a ƙasar Malikiyya. A wurinsu lokacin La'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta ninka tsawonsa sau biyu, a wurinmu kuwa idan ta kai tsawonsa sau ɗaya, kuma a Landan lokacin zafi tazarar takan wuce awa guda. Shi ya sa za ka ga jadawalin salla da lokutan La'asar biyu. Ba sa yin ƙunutu a sallar Asuba, suna yin sa ne a wutiri, wanda suke haɗa raka'a uku da sallama ɗaya. Tarawihi raka'a 20 suke yi. Suna ɗora hannu a ƙarƙashin cibiya, kuma wanda bai taɓa ganin mai sakin hannu ba zai iya matsowa bayan salla ya ce zai gyara maka. Idan haka ta faru ka gaya masa cikin natsuwa cewa kai Bamalike ne. Limamansu sun karanta wannan saɓani kuma sun san shi. Sallarka a bayansu ingantacciya ce, babu buƙatar sakewa.

Su ma suna da rabuwar kai irin wadda muka sani. Akwai masu bin makarantar Deoband, akwai 'yan Barelwi masu raya Maulidi da yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai kuma Ahlul Hadisi. Saɓanin ganin wata yakan sa masallatai biyu a titi ɗaya su yi Idi a ranaku daban-daban, don haka ka zaɓi masallaci guda ka bi shi, kada gidanka ya rabu.

Game da yara, Islamiyyar yamma takan kama bayan an tashi daga boko, kuma ana biyan kuɗin wata. Da ruwayar Hafsu suke karantarwa, amma rubutun Mus'hafinsu ya ɗan bambanta da bugun Madina, ya kuma bambanta sosai da na Warshu wanda wasunmu suka yi allo da shi. Yaro yakan saba cikin ɗan lokaci. Abin da zan ce ka tambaya kafin ka sa su shi ne harshen da malamin yake bayani da shi. Masallatai da dama yanzu suna da limamai matasa haifaffun nan masu wa'azi da Turanci, domin jikokinsu ma Urdu ɗin ta fara kuɓuce musu.

Hajiya Maman Yusra:

Allah ya gafarta Malam, akwai abu ɗaya da ka tsallake wanda ya shafe mu. Wasu ƙananan masallatan ba su da sashen mata ko kaɗan, saboda malamansu na baya sun fi son mace ta yi salla a ɗakinta. Mu da muka saba fita Tarawihi da Tahajjud da tafsiri, wannan yana yi mana nauyi ƙwarai a watan azumi. Manyan masallatan suna da wuri, kuma Masallacin Gabashin Landan da ke Whitechapel yana da ginin Maryam Centre da aka buɗe a 2013 musamman domin hidimar mata, jirgi ɗaya ne daga Ilford. Amma uwa mai goyo ba za ta hau jirgi kowane dare ba. Saboda haka, Baban Amira, kafin ka sa hannu a takardar haya, ka tabbatar masallacin da ke kusa yana da ƙofar mata kuma a buɗe take, domin a nan ne uwargida za ta samu ƙawayen farko.

Khalifa:

Iyayena, ina gaishe ku, kuma ina neman izini in sa baki, domin ni a Seven Kings na yi firamare da sakandare. Kawu Baban Amira, abin da Baba Alhaji ya faɗa da abin da Kawu Ɗanjuma ya faɗa duka na gan su da idona. Abokaina na kusa 'yan asalin Pakistan da Bangaladash da Somaliya ne, na ci abinci a gidajensu, iyayensu mata sun san abin da nake so da wanda ba na so. A makaranta ba mu taɓa wahalar samun abincin halal ko wurin sallar Azahar ba, kuma ranar Idi aji yakan zama kusan babu kowa. Duk da haka na sha jin kalmomin raini a kan baƙar fata daga bakin yara, waɗanda na tabbata a gida suka ji su, kuma na ga auren da ya lalace tun kafin a kai ga tambaya saboda iyayen yarinya sun ƙi ɗan Afirka, alhali babu abin da suka samu na aibu a addininsa ko aikinsa. Ya kamata Amira da ƙannenta su ji wannan daga bakinku kafin su ji shi a filin wasa, kuma idan ya faru a makaranta a kai ƙara a rubuce, domin makarantu suna da ƙa'ida a kan wariyar launi.

Abin da na amfana da shi ƙwarai shi ne yadda iyayen abokaina suka ɗauki karatu. Redbridge tana da makarantun gwamnati biyu da ake shiga ta jarrabawa, Ilford County High ta maza da Woodford County High ta mata. Ana rubuta jarrabawar a farkon aji shida, amma rajistar tun ana aji biyar ake yin ta, kuma iyalai da yawa suna fara sa yara darasin ƙari tun kafin nan. Tunda Amira aji biyar za ta shiga, wannan shekarar ce ta shiri idan kuna da sha'awa. Ko ba ta shiga can ba, sauran makarantun unguwar suna da ƙoƙari, kuma zama cikin yaran da ake tambayarsu sakamako a gida yana jan mutum.

Roƙona ɗaya shi ne ku riƙe musu Hausa a gida. Abokaina suna zuwa Sylhet ko Lahore su yi hira da kakanninsu, ni kuwa sai da na girma na zauna na gyara tawa kafin in iya rubuta muku wannan.

Anti Nas:

An yi ta magana a kan Musulmi, amma maƙwabcin Malam na jikin katanga zai iya zama Bahindu ko Basikhe, kuma zama da su yana da nasa ladabi. Ni maƙwabtana na dama 'yan Gujarat ne mabiya Hindu, kuma shekarun da muka yi tare ba mu taɓa samun saɓani ba. Da yawansu ba sa cin nama kwata-kwata, wasu har ƙwai, saniya kuma tana da girma a addininsu, saboda haka kada a aika musu naman Salla da niyyar alheri. Mabiya Sikh masu riƙo da addini su ma ba sa cin naman da aka yanka ta hanyar ibada irin tamu. Dabino da 'ya'yan itace da alkaki nake aikawa, su kuma sukan kawo mana kayan zaƙi a bikinsu na Diwali. Wannan biki yana faɗowa a Oktoba ko Nuwamba, kusa da daren wasan wuta na 5 ga Nuwamba, don haka yara ƙanana sukan sha ƙara a waɗannan makonni. Doka ta hana harba wasan wuta bayan ƙarfe 11 na dare, amma a daren Diwali an ɗaga zuwa ƙarfe 1. A watan Afrilu kuma Sikhawa suna jerin gwanon Vaisakhi, akan rufe wasu tituna, kuma wuraren ibadarsu suna ciyar da duk wanda ya shigo kyauta ba tare da tambayar addininsa ba.

Gargaɗina shi ne kada mu ɗauki rigimar da ba tamu ba. Tsakaninsu akwai tsohon tabo tun rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 da yaƙin 1971 da ya haifar da Bangaladash, kuma mun ga yadda wasan kurket ya zama sanadin tashin hankali tsakanin matasa a Leicester a 2022. A asibitin da nake aiki, ma'aikata daga duk waɗannan al'ummomi muke karɓar aiki daga hannun juna, kuma abin da ya riƙe mu shi ne kowa ya bar siyasar ƙasarsu a waje.

Malam Ɗanjuma:

Baba Alhaji, na ji maganarka kuma na karɓi rabinta. Gaskiya ne ban taɓa neman zama mamba ba, kuma misalin zango ya sa ni tunani. Amma ina ganin nauyin bai zama ɗaya ba. Wanda ya tarar da baƙo a sahu shi ya fi cancanta ya fara miƙa hannu, haka addini ya koya mana, haka kuma tarbiyyarmu take. Sannan akwai masallatan da kwamitinsu bai taɓa fita daga hannun dangi ɗaya ko mutanen gari ɗaya ba, ko ɗan uwansu daga wata jiha bai samu shiga ba balle mu. Ban ce Baban Amira kada ya zo ba. Ina cewa ya zo da sanin cewa sauƙin cefane da sauƙin salla za su samu tun makon farko, amma mutanen da za su tsaya masa ranar suna ko ranar rashi sai ya neme su da gangan, a cikin mutanenmu da kuma a cikinsu.

Baba Alhaji na Barking:

A kan wannan ba mu saɓa ba, ɗana. Inda kwamiti ya rufe ƙofa, akwai wani masallacin a gaba, kuma waɗanda matasa suke jagoranta sun fi buɗewa. Ni dai abin da na gani shi ne, tun da na shiga cikin masu wankan gawa a unguwarmu, da na kwanta rashin lafiya mutanen Sylhet da na Punjab ne suka riƙa kawo wa iyalina abinci tare da namu.

Baban Amira:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun karanta tare da mahaifiyar yara, kuma mun tsayar da cewa za mu duba Seven Kings da Goodmayes kafin tsakiyar Ilford. Zan zo ranar Juma'a in yi salla a masallacin da ke kusa da gidajen da dillali zai nuna mini, in duba batun sashen mata kamar yadda Hajiya ta ce, in kuma sake zagaya titin da daddare. Saura tambaya ɗaya, Injiniya: tunda lokacin neman gurbin makaranta na bana ya wuce, yaya ake yi da yara uku a lokaci guda?

Injiniya:

Za ka cika takardar neman gurbi ta tsakiyar shekara a shafin ƙaramar hukumar Redbridge, kuma za su nemi shaidar adireshi, wato yarjejeniyar haya da takardar harajin gida, don haka ba za ka iya kammalawa ba sai gidan ya tabbata. Ka sani cewa doka ta taƙaita ajin ƙananan yara, daga ajin share fage zuwa aji biyu, ga ɗalibai 30, saboda haka yana yiwuwa a fara raba su makarantu biyu. Idan haka ta faru ka karɓi gurbin da aka bayar, ka sa sunan sauran a jerin masu jira na makarantar da kake so, domin a yawancin makarantun samun ɗan uwa a ciki yana matso da yaro gaba a jerin. Tunda uwargida da ƙafa za ta riƙa kai su, ka auna tazarar gidan da makarantun firamare biyu ko uku mafi kusa kafin ka biya kuɗin ajiya.